Gargaɗi ga masu tara tsofaffin tangaran da tukwane a Abuja: an ci ni dubu 685 da sunan Ladi Kwali

Jama'a assalamu alaikum. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya, amma jiya da dare na ga mutumin nan ya sake ɗora hotunan nan dai da ya cuce ni da su a wani zaure na Facebook da wani sabon suna, har wata baiwar Allah tana tambayarsa nawa ne na ƙarshe, shi ne na ce wallahi ko za a yi min dariya sai na faɗa. Naira dubu 685. Dubu ɗari shida da tamanin da biyar, ban da dubu 60 na kofin farko, wannan zan zo kansa. Kuɗin adashina ne na wata goma da na kwasa a watan jiya, da wani abu da na ciro daga ajiyar makarantar yara, kuma har yanzu da nake wannan rubutu Abban Ummi bai san da na makarantar ba, ya san na adashin kawai.

Kafin wani ya fara min wa'azin ai ke ma kin cika son banza, a tsaya. Ni ba jiya na fara harkar nan ba. Shekara goma sha ɗaya ina tara tsofaffin kaya, tun daga kan tangaran ɗin jeren kakata da aka raba gado kowa ya raina su ni na kwashe, farantai masu bakin zaiba da butar shayi da marfinta ya tsage. Na sha shiga Katako a Jos ina tona buhunan gwanjo da hannuna ina juya gindin faranti ina karanta tambari, na san Johnson Brothers na san Wedgwood, na san bambancin tsohon na Ingila da sabon da ake bugawa jiya a rubuta masa Ingila a gindi. Mutane ni suke turo wa hoto su ce Anti duba min wannan. Ni ɗin. To ni ce aka kawo wa tukunyar da aka shafa wa man takalmi.

Abin da ya ja ni, duk wanda ya san ni ya san burina ɗaya ne a wannan harka, in mallaki ko da abu ɗaya ne da hannun Ladi Kwali ya taɓa. Matar da ke bayan naira 20 ɗin nan da muke ba ɗan acaɓa canji ba mu ko kalla. 'Yar Kwali ce, nan bayan Gwagwalada, ta iya ginin tulu irin na Gbagyi tun tana yarinya har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta a fada, a can Baturen nan Michael Cardew ya gan su, a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwanen da ya buɗe a Abuja, ita ce mace ta farko. Kuma Abujar da ake nufi ba wannan da muke ciki ba ce, tsohuwar Abuja ce, Suleja ta yanzu. ABU Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Duk wannan na haddace shi kamar karatun allo, kuma shi ne ya kashe ni, don mutumin nan duk abin da na sani shi ma ya sani, har ya fi ni iya faɗa.

Ya fara min magana ne ta WhatsApp, wai a wani zaure ya ga lambata inda na taɓa ɗora hoton kabet ɗina. Sallama cikakkiya, ya gida ya yara ya maigida, Hajiya kaza Hajiya kaza. Ya ce mahaifinsa ya yi aiki a makarantar ta Suleja, shi ne mai hura wutar gasa kaya, mai faskaren itace, kuma idan an sauke kaya akan ba ma'aikata waɗanda suka ɗan sami tabo. Tsoho ya rasu bara, an buɗe ɗakinsa an tarar da kaya a cikin adaka da ƙarƙashin gado, 'yan uwa suna so a sayar a raba, shi kuma ba ya so su faɗa hannun dillalan da za su fitar da su waje. Wannan maganar ta hannun dillalai ita ce ta shige ni. Na ji kamar ma taimakon ƙasa zan yi.

Amma ba a nan na yarda da shi ba, kuma wannan nake so a gane. Na ce masa Malam ni ba na sayen abu a hoto. Ya ce haka ya dace Hajiya, ni ma da za ki tura kuɗi ba ki gani ba da na raina hankalinki. Ku ji fa. Muka haɗu a Zuba, gefen wani masallaci kusa da tasha, ranar Asabar bayan la'asar, na je da ƙanina Allah ya sa, ba ni kaɗai ba. Mutum ne kamili a ido, zai kai shekara hamsin, farar jallabiya ta ɗan sha jiki, hula ba sabuwa ba, da tabon sallah a goshi. Ya ciro kofi daga cikin safa, safa fa ta ƙafa, ya naɗe shi a ciki. Kofi mai nauyi, ruwan ƙasa mai duhu yana sheƙi, na juya gindinsa ga tambarin nan na Abuja da rubutun ajami an danna shi cikin yumɓu. Na ƙwanƙwasa da farce ya yi ƙara ƙau kamar ƙararrawa. Hannuna har rawa yake. Muka yi ciniki dubu 60, na ƙirga masa tsaba, ashe na ƙara dubu 5 ban sani ba, sabbin kuɗi ne sun manne. Har mun kai mota sai ga shi da gudu yana haki, Hajiya Hajiya kuɗinki sun yi yawa, ni ba na cin haram. Ya miƙo min dubu biyar.

Dubu biyar ɗin nan. Kullum na kwanta ita nake gani, yadda ya riƙo ta da hannu biyu ya ɗan rusuna. Ƙanina ma da muka shiga mota cewa ya yi Yaya irin waɗannan mutanen sun yi ƙaranci a duniya. Da dubu biyar ya sayi dubu 685, kuma dubu biyar ɗin ma tawa ce. To ku gaya min wace ce ba za ta yarda ba? Na ga kaya da idona, na taɓa, na tafi da shaida, mutum ya dawo min da kuɗina. Me ya rage in yi, in ce ya dafa Alƙur'ani? Ai ko wannan ya yi daga baya ba tare da na nema ba, a bidiyo.

Af, na manta, kafin haɗuwar Zuba ma ya riga ya turo min hoton tulun, ina jin tun kwana na biyu da fara magana, ya ce wannan ba na sayarwa ba ne tukuna sai yayyensa sun amince. Wato ya ɗana min shi tun farko ya bar ni ina kallo. Tulu ne babba mai faɗin ciki, an zana kunama da ƙadangare da kifi a jiki, kowanne cikin gidansa, layukan zanen sun yi fari-fari a ƙarƙashin sheƙin, ga LK, haruffan sunan Ladi Kwali, a gindi an danna. Duk wanda ya taɓa ganin aikinta ko a hoto ya san haka yake. Na yi sati biyu ina buɗe hoton nan a ofis ina zuƙowa ina kallon ƙafafun kunamar.

Bayan kofi da kamar kwana goma, ko sha biyu, zan duba, ya kira da dare wai yayyen sun yarda amma akwai wani mutum daga Legas da ya taya miliyan ɗaya da rabi zai zo ranar Litinin, shi dai ya fi so ya zauna a hannun 'yar Arewa mai sanin darajarsa, in zan iya dubu 600 zai shawo kansu da tulun da farantai huɗu. Na san ana sayar da irin wannan tulu dubban fam a gwanjon Landan, na sani sarai, kuma a nan ne ya kamata ƙwaƙwalwata ta ce min ke wa zai bar miliyan ɗaya da rabi ya karɓi dubu 600 saboda ke 'yar Arewa ce. Ba ta ce ba. Ko ta ce ban ji ba. Na ce zan zo Suleja in gani, ya ce kayan suna ƙauye wajen babbar yayarsu an kulle a ɗaki saboda rigimar gado, amma ga bidiyo. Bidiyon duhu-duhu, wata tsohuwa tana magana a baya, hannu yana shafa wani tulu da ba a ganin zanensa sosai, sai kuma ya sake turo hotunan nan masu kyau ya ce ɗansa ne ya ɗauka da babbar waya.

Na tura dubu 350 kafin alƙalami a daren. Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne, sunan mace ne, na tambaya ya ce matarsa ce shi asusunsa an rufe saboda matsalar BVN. Na yarda. Wa bai taɓa samun matsalar BVN ba a ƙasar nan? Ranar Litinin ya ce ɗan Legas ya iso yana zaune a tsakar gida da kuɗi a jaka, yayyen sun fara canja magana, in cika kawai a rufe bakin kowa. Ina ofis, na fita na tsaya a bakin matakala na tura dubu 250, wannan karon wani asusun daban, wai na babban yayan don ya gani da idonsa. Dubu 600 ke nan. Sai dubu 85, wai na katako da kafinta da soso da za a yi wa akwati da kuɗin mota shata, don ba a saka irin wannan kaya a but ɗin haya tare da buhun doya. Wannan ma ni na ce masa a yi akwati mai kyau, ni da bakina na ba shi hanyar. 350 da 250 da 85. Ku tara ku gani.

Abban Ummi tun a kan kofin ya ce min ke dai ki bi a hankali, mutumin da ya san tarihi da yawa haka ni tsoro yake ba ni. Na ce masa kai dai ba ka son harkar nan ne tun asali, kullum cewa kake na cika gida da kwanukan matattu. Ranar da kaya suka zo bai ce min komai ba, ya tsaya ya kalla ya sa takalminsa ya tafi masallaci, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Ba shata ba ce ta kawo, wani direba ne ya kira ni in zo tashar Zuba in karɓi saƙo, har ya karɓi dubu 3 nasa. Ba akwatin katako, kwalin taliya ne aka ɗaure da igiyar roba. Tun a nan gabana ya faɗi amma na ce ƙila akwatin na ciki. Na kawo gida Kubwa na shimfiɗa bargo a tsakar falo na ce yara kowa ya matsa. Ina yanke igiyar wari ya bugo ni, warin man takalmi da banish ɗin kafinta. Na ɗaga tulun da hannu ɗaya. Hannu ɗaya! Duk wanda ya san kayan makarantar Suleja ya san tulunan da aka yi wa sheƙi aka gasa a wutar da ta haura digiri 1200 nauyi gare su kamar dutse, shi ya sa ma ba a ɗibar ruwa da su, kuma ba sa tsatsafo balle su sanyaya ruwa, na ado ne. Wannan kuwa tulun ruwa ne na kasuwa irin wanda ake gasawa a fili da ciyawa da itace, na dubu uku ko huɗu. Na ƙwanƙwasa ya ce ɓuf. Na goga farin hankici ya fito baƙi ƙirin. Kunamar kamar yaron firamare ne ya zana ta da ƙusa, ƙafa biyar a gefe ɗaya uku a ɗaya gefen, na zauna na ƙirga don haushi. LK ɗin kuma ba dannawa aka yi ba tun yumɓu na ɗanye, ƙarce shi aka yi bayan an gasa, har jan garin yana nan a cikin ramin. Ummi ta ɗiga ruwa a cikin wuyansa inda man bai kai ba, nan take ya shanye. Farantai huɗu kuwa babu su, tsofaffin jaridu ne da rabin bulo a ƙasan kwalin don ya yi nauyi.

Rabin bulo jama'a. Na biya dubu 85 an yi wa rabin bulo shata.

Na kira, tana shiga ba a ɗauka. Na tura saƙo ya karanta, ya ma amsa, wai innalillahi Hajiya direba ne ya musanya kaya bari ya bincika, in ƙara haƙuri zuwa gobe. Kuma na jira goben, wannan ma in faɗa don kunyar ta cika. Washegari hotonsa ya ɓace, saƙo ba ya shiga, ya toshe ni, layin a kashe har yau. Ummi ce, yarinyar da ke aji biyar na sakandare, ta karɓi wayata ta saka hoton tulun a Google, cikin minti ɗaya sai ga shi a shafin wani gidan gwanjo na Ingila, an sayar da shi shekaru da suka wuce, hoton iri ɗaya har inuwar, ya dai yanke gefen da sunansu yake. Minti ɗaya. Ta ce Mama ai da kin ba ni tun farko. Na ce tashi ki ba ni wuri.

Na je Suleja da kaina ranar Laraba da kofin da tulun a but. Na yi tambaya har aka haɗa ni da wani dattijo da ya yi aikin tukwane a wurin shekaru da yawa. Na gaishe shi na ce Baba don Allah duba min. Tulun ko taɓa shi bai yi ba, dariya kawai ya yi ya ce 'yata wannan ai ko ruwa kar ki sha a ciki saboda man. Kofin kuwa ya juya shi ya daɗe yana kallo ya ce wannan namu ne, na gidan nan ne, amma ba hannun Ladi ba ne, ba ki ga babu harafinta ba, tambarin gida kawai gare shi, kuma mutane da yawa sun yi aiki a nan har bayan rasuwarta. Kuma gaskiya ne, da na koma na karanta hirarmu mutumin bai taɓa cewa kofin na Ladi ne kai tsaye ba, cewa ya yi daga ɗakin Baba ya fito, ni na ƙarasa sauran a raina. Na kwatanta masa mutumin da labarin mahaifinsa mai hura wuta, ya ce bai san shi ba, amma ni ce ta uku da ta zo masa da irin wannan labari a bana, ɗaya ma wai har da rabin bulon. Ta uku. Wato akwai wasu biyu da suka yi shiru, da sun yi magana da ƙila kuɗin makarantar yarana suna nan.

Na kai ƙara, na kai wa banki takarda, an ce ana bin asusun guda uku, don na dubu 85 ɗin ma wani ne daban, na mai POS. Wanda ke taimaka min da maganar ya ce kar in saka suna da lamba da fuskarsa a fili tukuna kar ya gudu ko a ɓata binciken, kuma sunayen asusun ƙila na wasu bayin Allah ne da aka yi amfani da su, shi ya sa ba ku ga na saka ba, ba wai rufa masa asiri nake ba. Amma komai yana hannuna, hirar WhatsApp tun daga sallamar farko, rasit uku na turawa, muryoyinsa guda 41, bidiyon da ya dafa Alƙur'ani, da hoton tulun kusa da hoton na Ingila. Zan ɗora hotunan hirar da na tulun anjima in Ummi ta dawo ta rufe min lambobin, ni ban iya ba. Wadda na ga tana tambayarsa farashi jiya na yi mata magana ta akwatin saƙo ba ta buɗe ba, don Allah wanda ya san ta ya kira ta.

Shawara kuwa ba ni da wata mai tsawo. Kar ku tura ko sisi sai abin yana hannunku, shi kansa abin ba ɗan uwansa ba. Ku saka hoto a Google. In sunan asusu ya bambanta da na mai kaya ku tsaya. In aka ce wani ɗan Legas na zaune da kuɗi a jaka ku ce a ba shi.

Wata ƙawata da na gaya wa wai sai cewa ta yi to ke me za ki yi da tulun dubu 600 ma tun farko, ba gara ki sayi sarƙa ba. Ban amsa mata ba don in na amsa za mu ɓata. Wanda ba ya harkar ba zai gane ba, kuma ni ban yi nadamar son abin ba, yau aka kawo min na gaskiya in ina da kuɗin zan saya. Abin da ke ci na shi ne dubu biyar ɗin nan, da yadda na ce masa Allah ya yi maka albarka Malam, har na ƙara masa dubu biyu na ce ya sha ruwa a hanya ya ƙi karɓa. Ya ƙi karɓa fa. Ban yafe ba, ko kobo ban yafe ba, dubu 685 da dubu 3 na direba, mu haɗu a gaban Allah in ba mu haɗu a Zuba ba. Tulun yana nan bayan ƙofar kicin, an ce kar in fasa shi shaida ne, duk wanda ya wuce sai ya shafi baƙi a riga. Makaranta kuma za a koma nan da sati biyu, ban san ta inda zan fara gaya wa Abban Ummi ba.